Ƙanena an yanke masa ƙafa, wata biyu ke nan ya ƙi fita daga ɗaki

Maman_Nafisa_Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Ƙanena ne, shekararsa 27, ɗan kabu-kabu ne nan Tawa. Mota ta buge shi bisa hanyar Ƙonni, ƙashin ya farfashe yadda ba ya gyaruwa, aka yanke ƙafar hagu ƙasan gwiwa. Alhamdulillahi ciwon ya warke, an cire zare, majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya ce ba sauran wankin ciwo. Amma wallahi mutumin da aka sallamo mana ba shi ne wanda muka sani ba. Yaron da in yana fada tun daga bakin titi kake jin dariyarsa, yau wata biyu ko ƙofar gida bai leƙa ba, abokai su zo ya juya fuska bango. Da dare kuma sai ya tashi yana cewa yatsun ƙafar suna masa ƙaiƙayi, wani lokaci kamar ana soka masa ƙusa, ƙafar da mu da hannunmu muka binne. Inna ta ce iska ne, an yi rubutu an yi hayaƙi, shiru. Matarsa ga ciki wata 6. Wata abokiyar aikina ta ce mini a ƙasashen Turawa akwai mutanen da aikinsu ke nan, su riƙa bin wanda aka yanke wa gaɓa suna koya masa zama da sabon jikinsa, kamar yadda koc yake yi wa ƴan ƙwallo. To akwai irin wannan a nan ƙasar? In babu mu me za mu yi masa?

Balki_227:
Innalillahi. Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne, sannu Maman Nafisa.

DanAder77:
Allah shi ƙara sauƙi. Amma ni ban ga abin koc ba nan, wanga duk tsarin mutanen da ba su da dangi ne, mutun shina kwance babu mai leƙa shi dole shi biya wani shi zo shi yi mai hira. Mu munada uwa munada uba munada malammai. Ku ba shi haƙuri, ku yi ta addu'a, lokaci shi ka maganin abin.

Issa_Tela_Bukoki:
Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in yi magana don ni abin a jikina yake, shekara 9 ke nan da aka yanke mini ta dama, ni ma ƙasan gwiwa. DanAder77 ba faɗa nake da kai ba amma dangin nan da kake faɗi ni ma ina da su, gidanmu cike yake, kuma su ne suka kusa ƙarasa ni da ƙauna. In na miƙa hannu zan ɗauki buta sai mutum uku su taso. Sannu, sannu, sannu, daga safe har dare, har na tsani kalmar. Duk wanda ya shigo sai ya kalli wurin da ƙafar take sannan ya kalli fuskata ya girgiza kai. Wata biyar na yi a ɗaki. Abin da ya fitar da ni, wani dattijo ne mai gyaran rediyo, ban san shi ba, wani abokin babanmu ya turo shi. Ya shigo da ƙafafunsa, ya zauna bakin katifa, bai ce mini sannu ba, sai kawai ya naɗe wando ya cire ƙafar ya jingine ta a bango ya ce zafi ake yi yau, yaro akwai shayi a gidan nan? Wallahi sandarewa na yi. Ban lura ba sam da ya shigo. Ranar na yi masa tambayoyin da ko lokotoro kunyar yi masa nake, yaya kake shiga ban ɗaki, yaya kake da iyalinka, yaya kake sujada. To in wannan shi ne koc ɗin da ake nufi, akwai shi a nan, ba a dai sa masa suna ba kuma ba a biyansa.

Maman_Nafisa_Tawa:
Malam Issa ka sa ni kuka. Maganar butar nan kamar kana gidanmu, Inna har abinci take so ta ba shi a baki alhali hannunsa lafiya lau.

Hadiza_Kine:
Yaya Maman Nafisa ni kine ce a nan Yamai, wato mai aikin gashi da motsa gaɓoɓi a asibiti, masu irin wannan lalurar muna ganinsu kullum. Maganar ƙaiƙayin nan na fara da ita: ba iska ba ne, ba hauka ba ne. Mafi yawan waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa suna jin haka. Dalili, ƙafar ta tafi amma wurin da ke kula da ita a cikin ƙwaƙwalwa yana nan, jijiyoyin da aka yanke kuma ba su daina aika saƙo ba, sai ƙwaƙwalwa ta fassara shi da cewa daga yatsu ya fito. Ga mutane da yawa yana raguwa a hankali. Ku faɗa masa haka ɓaro-ɓaro, don da yawansu tsoron kada a ce sun zare ne yake sa su yi shiru su kwana da azaba.
Abin da ya fi damuna ma daban ne. Wata biyu yana ɗaki, yaya yake ajiye gwiwar? In kullum a lanƙwashe take, ko kuna sa masa filo ƙarƙashinta don ya ji daɗi, ku daina yau ɗin nan. Gwiwar tana iya ƙagewa a haka ta ƙi miƙewa, in ta ƙage ko an samu ƙafar roba tafiya za ta yi wuya ƙwarai. Ya riƙa miƙe ta sosai, ya kwanta rub da ciki kamar minti 20 sau biyu ko uku a yini, kada ya bar dungun yana lilo a bakin gado. Sannan bandi mai roba, ana naɗa shi a gicciye kamar lamba 8, ya ɗan fi matsewa a ƙarshen dungun ya sassauta yana hawa sama, ba a zagaye shi kamar ɗaurin buhu, wannan tare jini yake. Shi ke rage kumburi ya ba dungun siffar da zai shiga cikin ƙafar roba. Ku je a nuna muku da ido a sabis na kine, rubutu ba ya koyar da naɗin nan.

Maman_Nafisa_Tawa:
Subhanallah, filo biyu ma muke sa masa. Bandin kuma tun da aka cire zare muka ajiye shi, mu a zatonmu na ciwo ne.

Souley_Koweit:
To ai kun ji. Da ba ki tambaya ba fa? Ni abin da ke ba ni haushi ke nan, a sallami mutum da ordinansi kawai, babu mai zaunar da dangi minti goma ya yi musu bayanin nan.

Abu_Ammar:
Allah ya saka wa malama Hadiza. Ta ɓangaren addini, don na san yana cikin abin da ke damun irinsu ko ba su faɗa ba: sallarsa ba ta ragu da komai ba. Hadisin Imrana ɗan Husaini yana cikin Buhari, ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Alwala kuma tunda an yanke ta sama da idon sawu, wankin wannan ƙafar ya faɗi a kansa, ya wanke ɗayar shi ke nan. Ku ba shi labarin Urwatu ɗan Zubairu, ɗaya daga manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina, ɗan Asma'u ƴar Abubakar. Ya je Sham wurin halifa Walidu ɗan Abdulmalik, ciwo ya ci ƙafarsa aka yanke, a wannan tafiyar kuma dabba ta harbi ɗansa Muhammadu ya rasu, amma ya gode wa Allah da ya ba shi gaɓoɓi huɗu ya karɓi ɗaya ya bar masa uku.

Issa_Tela_Bukoki:
Malam Allah ya ƙara ilimi, maganar alwalar nan ni sai da na yi wata uku kafin na samu mai faɗa mini, da na sani da wuri da hankalina ya kwanta. Amma labarin Urwatu, da girmamawa, a bi a hankali. An ba ni shi ya fi sau talatin a watan farko. Lokacin abin da nake ji shi ne ana ce mini kai imaninka bai kai ba tunda kana kuka. Sai daga baya, da na fara takawa, labarin ya shige ni har nake ba wasu. A bar yaro ya yi baƙin cikin ƙafarsa tukuna, shekara 27 suna tare.

Abu_Ammar:
Gaskiya ne Malam Issa, na karɓa. Hawaye ba ya kore haƙuri, Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim.

Ramatou_Madawa:
Ni hannu ne, na hagu, tun ina ƴar shekara 8. Daga bisa icce na faɗo, karaya ce ƴar ƙarama, aka kai ni wurin mai ɗori ya ɗaure da karare tamau, kwana huɗu ina ihu ana cewa haka ɗori yake, da aka kwance yatsu sun yi baƙi. Yanzu ina da ɗiya uku, ina tuƙa tuwo ina goyo ina saida kayan miya. Abin da zan ce miki Maman Nafisa, uwata Allah ya jiƙanta ita ce koc ɗina kuma ba ta taɓa shiga lakwal ba. Ranar da na ce ba ni iya ɗaura zane ta ce to zauna haka, ta fita. Na yi kuka na gaji na kama bakin zanen da haƙori na ɗaura. Daga baya ƙanwarta ke gaya mini ashe bayan ɗaki ta je tana nata kukan.

DanAder77:
Amma kada a ɓata masu ɗori baki ɗaya, kakana ɗori shi kai kuma mutane nawa sunka warke ga hannunai, har daga Abalak ana zakkuwa.

Dr_Mahamadou:
DanAder77 ba wanda ya ce duk ba su iya ba, amma abin da Ramatou ta faɗa ba baƙon abu ba ne a asibitocinmu, musamman ga yara. Gaɓar da ta karye kumbura take, in an ɗaure ta tamau jini ba ya wucewa, naman ya mutu, kuma sa'o'i kaɗan sun isa a yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Alamar a fili take: ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu sun yi sanyi ko sun canza launi ko ba a jinsu. In an ga haka a kwance a tafi asibiti a daren, kada a jira mai ɗori ya dawo daga kasuwa. Haka masu ciwon suga, ƙaya ko ƙusa ƙarama a tafin ƙafa ita ce ke kaiwa ga yanka saboda ba sa jin zafinta sai ta ruɓe.

Admin_Zabeirou:
Jama'a maganar ɗori a buɗe mata nata wuri, kullum in ta taso sai an kwana ana musu. Baiwar Allah shawara ta nema kan ƙanenta.

Nana_Lazare:
Ni ba wanda na ji ya yi maganar matar. Ciki wata 6, miji ya juya mata baya, kuma na tabbata akwai masu zuwa suna hura mata kunne. Maƙwabciyata haka aka yi, danginta suka ce me za ki zauna ki yi da gurgu, ta ƙi, amma shi mijin ne da kansa ya dinga korarta wai ba ya so ta zauna don tausayi. Maman Nafisa ki ja ta a jiki, ita ma jinya take. Kuma bandin nan da Hadiza ta faɗa ita za a koya wa, ta riƙa taɓa dungun da hannunta ba tare da ta yamutsa fuska ba, namiji yana kallon fuskar matarsa a irin wannan lokacin fiye da ta kowa.

Maman_Nafisa_Tawa:
Nana kin taɓo inda ke ciwo. Shekaranjiya ya ce mata in ta haihu ta tafi gidansu, shi ya gama amfani, wai gara da motar ta ƙarasa shi. Yarinyar ba ta faɗa wa kowa ba sai ni.

Dr_Mahamadou:
Hajiya wannan kalmar ta ƙarshe kada ku ɗauke ta maganar ɓacin rai kawai. Mutumin da ya daina fita, ya daina hira, yana cewa gara mutuwa, yana bukatar likita ya gan shi a kan wannan ɗin kansa, ciwon damuwa ciwo ne kuma yana da magani. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar ba ta sa mutum ya aikata, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai tsawon lokaci, a kwashe magunguna da maganin ƙwari daga ɗakin. Sannan don Allah ku sa ido kan tramol. Ɗan kabu-kabu ne, ya san inda ake samunsa, abokai kuma za su kawo masa da sunan taimako. Ciwon jijiya irin wannan akwai magungunan da ake rubutawa dominsa kamar amitriptyline ko gabapentin, amma likita ne zai duba ya zaɓa, ba mai tebur a bakin tasha ba.

Hadiza_Kine:
Na dawo, akwai abin da na manta. Ku gwada madubi. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan asalin Indiya da ke aiki a Amurka, Ramachandran, shi ya fito da dabarar a shekarun 1990. Ya zauna ya miƙe ƙafafu, a tsayar da dogon madubi a tsakaninsu yana kallon mai lafiyar, dungun ya ɓuya a baya. In ya duba sai ya ga kamar ƙafa biyu gare shi. Ya riƙa motsa yatsun mai lafiyar a hankali yana kallon na cikin madubin, in wurin ƙaiƙayi ne ya sosa mai lafiyar daidai wurin. Minti 10 zuwa 15 kullum na wasu makonni. Ba kowa yake yi wa aiki ba, wani kuma ganin ƙafar a madubi yana tayar masa da hankali da farko, in haka ne a dakata. Amma ba ya cin ko dala.

Souley_Koweit:
Hhhh madubin amarya zai yi aiki ke nan. Inna kuma za ta ce ai dama ta faɗa, ga shi an koma ga tsibbu.

Tsohon_Soja_Difa:
Ƴata, ni nakiya ce ta ɗauke tawa, sama da gwiwa. Ki gaya wa ƙanenki ya gode wa Allah da aka bar masa gwiwa, ba ba'a nake ba, mu da ba mu da ita mun san darajarta. Mai gwiwa in ya samu ƙafa mai kyau ya saba, da dogon wando ba ka gane shi, mu kuwa kowane taku da ƙugu muke jansa, gajiyarmu ta fi tasu nesa. Abubuwan da ba a faɗa a asibiti: zai faɗi. Zai tashi cikin dare da magagin barci ya manta ya taka ƙafar da babu, kowa ya yi wannan, a ajiye masa bekil, wato sandunan dogarawa, da fitila inda hannunsa ke kaiwa. Bekil kuma a tafin hannu ake ɗora nauyi ba a hammata ba, in ya rataya a hammata hannu zai fara mutuwa. Robar ƙasan in ta cinye a canza, bisa siminti mai ruwa ita ce ke kayar da mutum. Ban ɗaki, ku samu kujerar ƙarfe mai walda ya huda tsakiya a ɗora bisa ramin, a kafa ƙarfe a bango na kamawa. Wallahi ranar da na shiga ban ɗaki ni kaɗai na rufe ƙofa ba wanda ya riƙe ni, ta fi mini ranar da aka ba ni galo.

Moussa_Abidjan:
Ni tambayata kuɗi. Ƙafar robar nan a ina ake yi, kuma talaka yana iya saye? Mu nan ƴan Tawa da ke bida muna iya haɗa wani abu in an san inda aka dosa.

Issa_Tela_Bukoki:
Tawa ƙafar a babban asibitin ƙasa na nan Yamai aka yi ta, akwai sashen da ke ƙera su, Croix-Rouge ta duniya wato CICR tana tallafa masa tun wajen 2012. Irin robar nan ce polypropylene da suke aiki da ita a ƙasashe da yawa, ba ta da ƙyalƙyali amma tana jure wahala. Damagaram ma akwai. Ana auna dungun da filasta a fitar da siffarsa, a ƙera, ka gwada, a gyara, sannan a koya maka tafiya tsakanin ƙarafa biyu. Ba abin yini ɗaya ba ne, ku yi shirin masauki.

Dr_Mahamadou:
Ƙaramin gyara Malam Issa, CICR ta rufe ofisoshinta a Nijar tun watan Fabrairun 2025 bisa umarnin hukuma, saboda haka yadda aka yi maka shekara 9 da suka wuce ba lalle haka yake yau ba. Kafin a ɗora mai dungu a mota kilomita sama da 500 daga Tawa, a fara zuwa sabis na kine da na sosiyal a asibitin Tawa, su za su ce ga inda za a tura shi da abin da za a biya. A leƙa kuma reshen FNPH, tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, su suka fi kowa sanin wace ƙungiya ke taimakawa a yanzu. In yaro ne ƙarami da sai in ce a tambayi asibitin CURE na Yamai, amma su na yara ne.

Balki_227:
To me ya sa aka kore su ma

Admin_Zabeirou:
Balki ban da siyasa a nan don Allah.

DanAder77:
To ni dai har yanzu ina bisa maganata, duk abin ga da kunka lissafa ai dangi ka yin shi. Kuma ku hwaɗi gaskiya, ƙarshenta mi za shi ci? Babur dai ya ƙare. Mu nan mun san inda guragu ka ƙarewa, bakin masallaci da bakin kasuwa.

Ramatou_Madawa:
Haba DanAder77, a gaban yayarsa kake wannan maganar? Ni ma haka aka ce wa uwata, wai a kai ni birni in yi bara tunda Allah ya ba ni jari. Ba na zagin mai bara, wani ba shi da yadda zai yi, amma da yawa ba ƙafar ce ta kai su can ba, mutanen gida ne suka yanke musu hukunci tun suna kwance.

Laouali_Mekanisiye:
Ku tsaya, ta hagu aka ce ko? Babur giyarsa a ƙafar hagu take shi ya sa kuke ganin ya ƙare. Amma adaidaita fa? Giya da ambiriyaj duk a hannun hagu suke, birki a ƙafar dama. Ƙafar hagu ba ta aikin komai sai zama. Akwai wanda nake yi wa gyara haka yake kuma yana cikin masu kawo kuɗi da kyau. Mutumin da ya san lungunan Tawa kaf daga Wadata har Garkawa ga kuma kiliyan ɗinsa na da, ban ga abin da ya ƙare ba. Moussa_Abidjan in za ku haɗa kuɗi ku tuna da wannan, bayan ƙafar.

Moussa_Abidjan:
Wallahi maigida Laouali ka kawo magana. Zan kai ta taronmu na ƙarshen wata.

Issa_Tela_Bukoki:
Ni da ƙafa ɗaya nake taka keken ɗinki tun kafin in samu mai lantarki. Amma kada a yi masa maganar adaidaita yanzu, zai ji kamar an gaji da ciyar da shi. Mataki-mataki. Wannan satin ya fito tsakar gida ya yi alwala da kansa. Sati mai zuwa ƙofar gida bayan isha'i lokacin da ido ya ragu. Sannan fada. Dattijon nan haka ya yi mini, kullum abu ɗaya tak yake bar mini, in ya dawo ya tambaya na yi ko ban yi ba, in ban yi ba ba ya faɗa, sai ya ce to shayin yau babu sukari. Kuma a gaya masa gaskiya tun yanzu, ƙafar roba ba ƙafar Allah ba ce. Watannin farko tana ciwo, dungun yana ramewa sai ta yi maka yawa ka ƙara safa, wata rana a sake kwandon da dungun ke shiga gaba ɗaya. Lokacin zafi, Afrilu da Mayu, gumi yana taruwa a ciki fata ta saɓule, dole ka cire ka shanya ka wanke safa kullum, ka duba dungun da madubi kowane dare ko akwai ja ko ƙurji. Bayan ƴan shekaru kuma ta gaji a sake wata. Waɗanda aka ce musu za ka koma kamar da su ne suke jefa ta ƙarƙashin gado bayan sati biyu.

Abu_Ammar:
Malam Issa da ita kake salla ko cirewa kake?

Issa_Tela_Bukoki:
Tsayuwa da ruku'u da ita, zaman tahiya ne ke ba ni wahala don idon sawun ba ya lanƙwasa, sai in miƙe ta gefe, shi ya sa nake tsayawa ƙarshen sahu. Akwai wadda Indiyawa suka ƙera a garin Jaipur tun 1968 saboda mutanensu masu tafiya ba takalmi da tsuguno da zaman ƙasa irin namu, ita tana ɗan lanƙwasawa. Ina sha'awarta ƙwarai.

Souley_Koweit:
Tunda ɗan ƙwallo ne irin kowane yaron Tawa a nuna masa bidiyon ƙwallon masu ƙafa ɗaya a YouTube, da bekil suke gudu, mutum bakwai-bakwai, gola kuma mai hannu ɗaya. Angola ce ta ci kofin duniyarsu a 2018, a 2022 Turkiyya ta doke ta a wasan ƙarshe. Ni mai ƙafa biyu ba ni iya abin da suke yi.

Tsohon_Soja_Difa:
A tura masa a waya a ƙyale shi, kada a zauna kansa ana cewa ka gani ka gani.

Maman_Nafisa_Tawa:
Ƴan uwa na dawo bayan kwana shida, Allah ya saka wa kowa. Mun cire filo, mun kai shi asibiti da ƙyar da sunan duba ɗinki, kine ta ce gwiwar ta fara ƙagewa kaɗan amma za ta miƙe in an dage, ta koya wa matarsa naɗin bandi. Likita ya zauna da shi su biyu ya rubuta magani ya ba mu randebu. Kujerar ban ɗaki an yi. Inna ce dai har yanzu muke fama, jiya na kama ta tana wanke masa hannu. Malam Issa ya haɗa mu da wani abokinsa a nan Tawa mai shagon caji, ya zo shekaranjiya. Minti ashirin na farko ƙanena ko kallonsa bai yi ba. Da mutumin ya tashi tafiya sai muka ji ya ce, tsaya, nawa ne nauyinta? Ya cire ya miƙa masa, ya riƙe ta yana jujjuyawa ya daɗe. Bai fita ba har yanzu, kuma daren jiya ma ya yi kukan yatsun. Madubin ya ƙi, wai ba ya son gani.

DanAder77:
To alhamdulillahi. Amma kun gani mai shagon caji ne yat taimaka ba koc ba.

Ramatou_Madawa:
Kai dai DanAder77 ba ka faɗuwa ƙasa. Kira shi duk sunan da ka ga dama.

Hadiza_Kine:
Madubin a bar shi tukuna Yaya, kada a matsa. A maimakonsa in ciwon ya taso ya riƙa ɗan bubbuga ƙarshen dungun da yatsu ko ya shafa shi da tawul mai laushi. Bandin sau nawa kuke sake naɗawa a yini? In ya kwance ko ya zame a sake, kada a bar shi tun safe har dare.

Maman_Nafisa_Tawa:
Sau biyu muke yi, guda ɗaya ne gare mu in an wanke sai ya bushe. Gobe in na fito aiki zan biya farmasi in ƙaro. Mai faɗin santimita nawa zan ce musu?

Hadiza_Kine:
Na 10, ki ɗauko biyu.